Maye a Ɗakin Famfo

Ranar Talata da hantsi aka buɗe ɗakin famfo na Unguwar Jinjiri, aka tarar abu huɗu sun koma uku.

Ni ɗan kallo ne a wurin. Sunana Abdulgaffar, malamin kimiyya da aka turo Batsari. A shekarar nan da fetur ya gagari talaka, ɗalibaina suka ragu har ina iya ƙirga su da yatsu, don haka na koma bin abokina Mansur mai gyaran sola ƙauye-ƙauye. Shi yana gyara, ni ina surutu.

Unguwar Jinjiri 'yar ƙaramar unguwa ce a bayan Karare, kuma famfon sola shi ne ruwanta. Ranar Asabar ya tsaya cak. Mansur ya zaro injin daga rijiyar, ya kwance shi, ya ga gam ya saki mayen ƙarfen da ke juya cikinsa. Guda huɗu ne, kowanne tsawon yatsa, suna sheƙi kamar azurfa. Ya jera su a kan dogon katako nesa da juna, domin in suka kusanci juna sai su yi karo su farfashe. Ya sa aka kulle ɗakin, ya tafi Katsina neman gam mai kyau. Da ya dawo, ɗaya ya ɓace. Da uku kuwa injin ba zai ko motsa ba.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, kwaɗon ƙofa yana nan lafiya. Ƙasan ɗakin a share yake tun Asabar, babu ko sawun ƙadangare. Wayar tagullar injin, wadda kowane ɓarawo mai hankali zai fara sura, tana nan ba a taɓa ta ba. Makulli kuma ɗaya ne, yana ɗaure a haɓar zanen Inna Zinariya.

Inna Zinariya tsohuwa ce da ta gudo daga wani ƙauye da aka ƙone shekara biyu da suka wuce. Ba miji, ba ɗa, ba akuya. Wani manomi mai suna Usaini ya ba ta ɗaki a gidansa, mai unguwa kuma ya ba ta sharar gidan famfo da riƙon makulli don ta riƙa samun na koko. Kafin mu gama dube-dube, mata sun cika bakin ƙofa da jarkoki babu ruwa. Ba wadda ta ce ɓarauniya. Kalmar da nake ji tana yawo ƙasa-ƙasa ta fi wannan muni.

"Mayya ce. Ta cinye kurwar famfo."

Na yi dariya, domin na ɗauka wasa ne. Da na ga fuskar mai unguwa sai dariyar ta maƙale mini. Wata mata mai suna Zulaihat tana gaba-gaba, 'yarta Sumayya kwance a gida kwana biyu tana amai da gudawa. Ta rantse sai an sa tsohuwar ta tsallake yarinyar don ta sako mata kurwa, sannan a fitar da ita daga garin. Mai unguwa ya roƙi arziki zuwa la'asar ɗin gobe. Ya aika a kira Badaru mai bin sawu.

Na san abin da korar take nufi. Duk garin da ta nufa, sunan zai riga ta isa.

*

Badaru ya iso a kan jaki wajen azahar. Dattijo ne siriri, da 'yar sanda da ba ya dogarawa, nuni kawai yake yi da ita. A da shi ake kira in saniya ta ɓace daga Wagini har Darini. Yanzu ya ce ya ajiye sana'ar, domin masu korar shanun zamanin nan ba sa ɓoye sawu, kowa ya san inda suka bi, bin ne ba mai iyawa.

Ya gaisa da mai unguwa, ya tambayi iyali da zafi da haƙurin zamani, sai da aka gaji. Sannan ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin bai shiga ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Wane na masanin abin nan?" in ji shi.

Mansur ya nuna ni, don mugunta.

"To Malam, mi ya raba shi da mayen ƙarhen da yara ka cirowa cikin rediyo?"

Na samu abin da nake so. Na ce masa na rediyo baƙi ne, rago ne. Wannan an haɗa shi da wani ƙarfe mai suna niyodimiyom, ɗaya daga cikin wasu ƙarafa goma sha bakwai 'yan gida ɗaya. Ana ce musu masu wuyar samu, amma ba ƙaranci suka yi a ƙasa ba, cakuɗe suke da juna, kuma sun yi kama ƙwarai, raba su shi ne aikin. Na ce ɗan ƙaraminsa ne ke sa wayar hannu magana, wasu daga danginsa ne ke ba fuskar wayar launi.

"Ni ba ni da waya," in ji shi.

"Kana da laita, Baba?"

Ya zaro wata tsohuwa daga aljihu. Na ce 'yar ƙanƙarar da ke ba da tartsatsi a ciki, yayan wannan ne, sunansa siriyom. Ya ƙyasta, ya ƙyasta, yana kallon tartsatsin kamar yau ya fara ganinsa.

"Shekara talatin ina yawo da ɗan gidansu cikin aljihu, ba mu gaisa ba," in ji shi. "Ƙarhinshi hwa?"

Mansur ya ɗauko fatanya ya kusanto da ita. Saura taƙi guda, abin ya yi tsalle daga kan katako ya manne da ita, ƙwas! Matan da ke leƙe suka ja da baya suna a'uziyya. Badaru kuwa murmushi ya yi. Ya tsuguna ya nuna wani abu da sandarsa a gindin bango, daidai ƙarƙashin ramin shan iska da ke jikin bulo. Ɗan ganye ne ƙanƙane, ya bushe.

"Ganyen gawo," in ji shi. "Ba gawo kusa da nan, kuma tsohuwa ta iya shara. Wanne anka ɗauka cikin huɗun?"

"Na ƙarshen katakon, wanda ke kusa da bangon nan," in ji Mansur.

"To ba wanda ya shiga. Gora anka zuro mai lauje a baki, irin wadda aka sassabo ma dabbobi gawo da ita. Abin da kanshi ya bi ɓarawon."

Na ji daɗi, na ce ai shi ke nan an wanke ta. Ya dube ni da tausayi. Ya ce kowane gida a garin akwai irin gorar nan, har gidan da tsohuwar ke zaune. Kuma mutanen da suka kwana uku suna shan ruwan tafki ba za su sayi ganye guda ba.

*

Mun sami Inna Zinariya a ƙofar ɗakinta, ita kaɗai. Ko kajin gidan kamar an gargaɗe su. Matar Usaini ta kwashe kwanukanta daga kusa.

"Inna, ina wuni? Ina haƙuri?" in ji Badaru.

"Haƙuri sai ma'aiki. Kai ma ka zo ganin mayya?"

"Na zo jin yadda anka yi kinka zama ita."

Ta yi tsaki mai ɗaci. Ta ce ranar Asabar tana tsaye da tsintsiya a ɗakin, mata sun yi layi a waje, sai mai gyara ya ɗaga murya ya ce kowa ya ja baya, akwai maye a ɗakin nan, in ya kama mutum sai ya ji a jikinsa.

Na juya na kalli Mansur. Ya sunkuyar da kai. Haka masu gyara suke cewa, maye kawai, ba sa ƙarasawa.

"Ni kaɗai ta ciki ban da shi," in ji ta. "Ina juyawa in hita, sai makullin da ke zanena ya miƙe tsaye shi kaɗai, ya nuhi katakon, ya ja ni. Kowa na kallo. Sunka ce ƙarhe ma ya san ni. Washegari ɗiyar Zulai ta kwanta."

Raina ya ɓaci, kuma har da kaina nake fushi. Shekara tara ina koyar da maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, a allo, ga shi kilomita kaɗan daga ajina za a kori tsohuwa saboda an yanke wa kalma wutsiya. Na tashi na nufi gidan Zulaihat da niyyar yin lacca. Ta saurare ni daga bayan ƙofa, ta ce boko bai san maita ba. Da ƙyar mijinta ya yarda Mansur ya kai yarinyar asibiti a babur. Ruwan tafki ne ya kama ta, ko makaho ya gani.

Da na dawo wajen Badaru muka fito daga gidan, Usaini yana gindin turke yana ba sansa dusa. Farin sa ne ƙato, Fari ake ce masa, shi kaɗai ya rage wa unguwar cikin shanun huɗa bayan korar bara. Badaru ya tsaya ya yaba shi.

"Ka ga wani baƙo ya ratsa ta wajen famfo, Usaini?"

"Sai Ɗan'auta mai jari-bola, Baba. Ya zo ran Lahadi da baburinshi." Bai ɗago ya dube mu ba. Na ɗauka kunyar abin da ake yi wa baƙuwarsa ce.

*

Washegari da sassafe muka hau babur zuwa Safana wajen mai jari-bolan, ni da Badaru, muna tafe muna addu'a a kowace kwana. Ɗan'auta yana cikin filinsa tsakanin tsofaffin tukwane da ƙafafun keke. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ka raina mini sana'a. In ga tagulla a ajiye in ɗauki maye? Wa zai saya? Ko a sikeli bai kai komai ba."

Ya nuna mana nasa, baƙi, ɗaure da igiya, wanda yake gwada kaya da shi. Abin da ya kama, ƙarfe ne mai arha. Abin da ya ƙi kamawa, shi ne kuɗi. Ya ce farin nan ya san shi, yana samunsa a cikin matattun kwamfutoci, ya taɓa matse masa yatsa har jini ya kwanta. Kuma ba ya son wuta. Wani yaronsa ya taɓa jefa inji cikin wuta don ya ƙone roba, da aka ciro mayen ya mutu murus, ko allura ba ya ɗauka.

"Da ka je ran Lahadi, mi ka saya?" in ji Badaru.

"Me zan saya? Garin nan ko gwangwani sun daina yarwa. Usaini ne ma ya tare ni, wai ko ina da maye in sayar masa. Na nuna masa wannan, ya ce ya yi faɗi."

"Ya yi hwaɗi," Badaru ya maimaita. "Ga mi?"

"Oho. Ban tambaya ba."

A hanyar dawowa na yi ta zuba. Na ce Usaini ne, mu je mu kama shi. Badaru ya ce mu kama shi da me? Mutum ya tambayi abu bai zama ya sata ba. In an bincike gidansa ba a samu ba, an ƙara wa tsohuwa laifi, tunda gidan ɗaya ne. Shi abin da ke cin ransa daban ne. Me manomi zai yi da maye, har ya damu da faɗinsa?

*

Ba gari muka shiga ba. Ya sa na tsaya a hanyar tafki, inda dabbobi ke gangarawa shan ruwa tun da famfo ya tsaya. Ya sauka yana tafe a duƙe. Ni ban ga komai ba sai ramuka a busasshiyar laka.

"Ga san Usaini ran Asabar," in ji shi. "Dubi takunshi. Gajere-gajere, ƙahwahun gaba a buɗe, kamar mai ɗauke da ƙaya a ƙirji. Nan ya iso gangare ya ƙi sauka, ga inda anka ja shi. Ga na Lahadi, ya hi muni. To zo ka ga na yau."

Na yau taku ne mai tsawo, ya gangara kai tsaye har bakin ruwa.

"Na san ciwon nan. Dusa ta yi tsada, dabba na kiwo a bola, ta haɗiyi ƙusa ko guntun waya. Ƙarhen ya tsaya a tumbi yana sukar ta. Wadda duk na gani da wannan taku, wuƙa ta ƙarshenta. Wannan kuwa ya warke cikin kwana biyu, kuma likitan dabbobi ya shekara bai biyo hanyar nan ba." Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "Malam, in maye na kama ƙarhe ta bayan zane, yana kamawa ta cikin tumbi?"

Na tuna na taɓa karantawa cewa likitocin dabbobi suna ɗura wa saniya maganaɗisu ta baki, ya zauna a tumbinta ya tattare ƙusoshi wuri guda. Dole ya zama siriri, yadda zai wuce maƙogwaro.

"To ko da haka ne, Baba, yaya za mu nuna? Sai dai a yanka."

"Shi na abin da ni ka tunani," in ji shi.

Amsar ta same mu a sallar azahar. A inuwar gidan famfo muka yi ta, domin liman ya zo duba Mansur da ke haɗa sauran injin. Liman yana da darduma ta Makka, irin mai ɗan kamfas ɗin alƙibla a manne. Ya shimfiɗa ta kusa da ƙofa, ya duba, ya gyara, ya sake dubawa, ya ce yau kuma allurar nan ta haukace. Shekara arba'in yana kallon gabas a garin, yau tana nuna masa ɗakin famfo. Na ce masa mayen da ke kan katako ne ke janta, ya matsa gaba kaɗan za ta dawo hayyacinta.

Bayan an sallame na ga Badaru bai tashi ba. Ya ɗauki dardumar yana matsowa da ita kusa da ƙofa, yana ja da baya, yana kallon allurar tana rawa.

"Ita ma mai bin sawu ce ashe," in ji shi. "Liman, a ara mini ita zuwa la'asar."

*

Bayan la'asar gari ya taru a ƙofar mai unguwa. Inna Zinariya tana zaune a ƙasa a tsakiya, ta riga ta ɗaure 'yan tsummokaranta a ƙullin zane. Ganin ƙullin nan ya fi komai taɓa ni. Zulaihat tana tsaye, an dawo da 'yarta daga asibiti da sauƙi, amma ta ce sauƙin na tsoron taro ne, mayyar ta sassauta. Ɗan'auta ma ya zo daga Safana, wai ba zai bari a yi shari'ar da sunansa ke ciki ba shi ba ya nan. Usaini yana can baya.

"Ranka ya daɗe," in ji Badaru, "gaskiya ne akwai maye a garin nan. Ga wadda za ta nuna shi."

Ya ɗaga dardumar liman. Ya sa Mansur ya kawo ɗaya daga cikin ukun, ya nuna wa kowa yadda allurar ke juyawa ta bi shi duk inda ya yi. Aka mayar da shi ɗaki. Sannan ya zagaya Inna Zinariya da dardumar, gaba da baya, har da ƙullin kayanta. Allurar ko gezau.

"A gwada mai jari-bola!" wani ya ce.

Aka gwada, ta ɗan motsa. Aka yi ca. Ɗan'auta ya zaro baƙin mayensa daga aljihu ya jefar yana zagi, aka sake gwadawa, shiru. Mutane suka yi dariya, karo na farko cikin kwana huɗu. Aka gwada Mansur, aka gwada ni, aka gwada Zulaihat tana harare-harare. Aka gwada Usaini, gumi yana zuba a wuyansa, allurar ba ta ce komai ba.

"Saura mutum guda," in ji Badaru. "Usaini, jawo mana Fari."

Usaini bai motsa ba. Sai da mai unguwa ya maimaita. Aka kawo san yana taku lafiya lau, yana kaɗa jela. Badaru ya shafa wuyansa, ya yi masa magana a hankali, ya bi da dardumar ta gadon baya, ta cinya, ba labari. Ya zagayo hagu, ya sauke ta bayan ƙafar gaba, can ƙasa wajen ƙirji. Allurar ta juya ta tsaya tana nuna cikin sa. Ya ja baya, ta koma. Ya matso, ta sake juyawa. Liman da kansa ya karɓa ya gwada, ya ce, "La'ilaha illallahu."

Usaini ya durƙushe.

"Mutuwa zai yi, ranka ya daɗe. Waya ya haɗiya. Na taɓa gani a kara, kasuwar shanu, likita ya ba wata saniya irin abin nan ta tashi. Na sa shi cikin guntun tiyo, na toshe da kakin zuma, na ɗura mishi. Wallahi na ɗauka tunda huɗu ne, uku sun isa su ja ruwa."

"Sanka ƙahwa nawa gare shi?" in ji Badaru. "In an cire guda, ukun sun isa?"

"Da kunka ji an kama sunan tsohuwar hwa?" in ji mai unguwa.

"Na ji tsoro a ce a yanka shi." Ya juya ya dubi san. "Kullum sai in ce gobe zan hwaɗa."

Nan take gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a kawo wuƙa yanzu a ciro ruwan mutane. Wasu suka ce damina saura wata guda, wa zai yi musu huɗa? Mansur ya ce zai iya samo wani a jikin mataccen inji a Katsina ko Kano, amma sai an ba shi kamar mako biyu. Aka yi ta hayaniya a kan sa. Na lura ba wanda ya ko waiwayi tsohuwar da ke zaune a ƙasa, sai Badaru.

"Ranka ya daɗe, akwai wadda anka yi ma laihi. A tambaye ta."

Inna Zinariya ta juya ta dubi Usaini.

"Kai ka ba ni ɗaki ran da ba ni da inuwa," in ji ta. "Ɗana ni ka ce maka. Jiya da dare ina jin ka kana ba sa dusa, ni ko ruwa ba a miƙo mini ba." Ta share fuska da haɓar zane. "Kada a yanka shi. Shanu goma sha ɗaya anka kore mini, na san abin da ka ji. A ɗaura mishi amalanke ya ɗebo ma gari ruwa daga Karare har a gyara famfo. Shi ya sha, shi zai biya."

Mai unguwa ya ce hukunci ya yi. Mutane suka fara murmushi, ana cewa Alhamdulillahi, ana shirin watsewa.

"Ban gama ba," in ji ta. "Ga sa nan da maye a cikinshi, kun gani da idonku, kuma rabinku na roƙo a bar shi. Ni ban haɗiyi komi ba, kunka ce in bar gari."

Ni ma da ban ce mata komai ba, sai na ji kunya ta rufe ni.

*

Washegari da hantsi Fari ya shigo da duro biyu a amalanke, Usaini yana jansa, kansa a ƙasa. Aka tsaya a gidan famfo. Rabon ruwa aikin mai makulli ne, don haka Inna Zinariya ta tsaya a bakin duro da moɗarta.

Mata sun yi layi, amma ba wadda ta matso. An wanke ta jiya a gaban kowa, amma tun suna yara ake gaya musu ba a shan ruwa daga hannun mayya, kuma allurar liman ba ta goge wannan ba. Kowace tana jiran wata ta fara.

Badaru ya riga ya ɗaura wa jakinsa shimfiɗa zai koma gida. Ya dubi layin, ya bar jakin ya matso.

"Inna, ƙishirwa ni ka ji."

Ta ɗebo ta miƙa masa. Ya sha a hankali, ya shanye tas, ya yi hamdala, ya ce a ƙara. Sannan ya hau jakinsa, ya ce da ni in na samu sunayen sauran 'yan gidan nan goma sha biyar in aika masa.

Zulaihat ce ta fito daga layi, Sumayya a kafaɗarta, yarinyar duk ta rame. Ta zo da kofinta na roba a hannu, ta miƙa don a zuba mata. Inna Zinariya ba ta karɓa ba, ta tsaya riƙe da moɗa tana kallonta. Daga nan Zulaihat ta sunkuya ta ajiye kofin a ƙasa, ta juyo da fuskar 'yarta.

"Inna, ki ba ta da hannunki."

Tsohuwar ta kai mata moɗar baki, ruwan yana zuba a wuyan yarinyar, amma ta sha.